NAURU: TARIHIN TSIBIRIN DA AKA KWASHE ƘASARSA A JIRAGEN RUWA



'Yan uwa masu karatu, a wannan karo ina so mu ɗan bar yankinmu, mu tsallaka har tsakiyar Tekun Fasifik, domin mu duba tarihin wata ƙasa da da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin ko sunanta ba. Sunanta Nauru. Faɗinta murabba'in kilomita 21 ne kacal, kuma in aka ɗebe Batikan da Monako, babu wata ƙasa mai cin gashin kanta da ta fi ta ƙanƙanta a duniya. Ƙaramar hukumar Sabuwa, wadda ba ta kai Faskari ko Ƙanƙara girma ba, za ta haɗiye Nauru sau talatin. A ƙidayar da aka yi a shekarar 2021 mutanenta 11,680 ne. Titin da ya kewaye tsibirin bai wuce kilomita 19 ba, wato ke nan ɗan acaɓa zai iya zagaye ƙasar ɗungurungum cikin rabin sa'a. Amma duk da haka tana da tuta, da shugaban ƙasa, da majalisa mai wakilai 19, da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya tun shekarar 1999, inda ƙuri'arta ɗaya take daidai da ƙuri'ar Nijeriya.

Abin da ya haɗa mu da wannan tsibiri shi ne taki. Duk wanda ya tashi a gidan noma a Faskari ko Sabuwa ya san buhun kamfa, ya kuma ga lambobi uku da ake rubutawa a jikinsa, kamar 15-15-15. Lambar tsakiya tana nuna yawan sinadarin fosfet ne, wanda ke ƙarfafa saiwar shuka. Supa kuwa, da masu gyaɗa da waken suya suke nema, fosfet ne ginshiƙinsa. To, wannan sinadari daga dutse ake samunsa, haƙo shi ake yi daga ƙasa. Tsibirin Nauru kuwa kusan duk tsakiyarsa tulin wannan dutse ne, mai kyau irin wanda ba kasafai ake samu ba. An daɗe ana cewa kashin tsuntsayen teku ne ya taru tsawon dubban shekaru ya daskare, ko da yake wasu masana suna ganin daga halittun cikin teku ya samo asali. Ko ma daga ina ne, shi ne ya zame wa mutanen arziki, shi ne kuma ya zame musu jarrabawa.

KAFIN A GANO DUTSEN

Ana ƙiyasta cewa mutane sun zauna a Nauru kimanin shekaru 3,000. Dangi goma sha biyu ne, kuma ta wajen uwa suke lissafin dangantaka. Tauraro mai tsini goma sha biyu da ke jikin tutarsu a yau su yake wakilta. Abincinsu kwakwa ne da kifi da 'ya'yan itatuwa. Suna da wata hikima ta kamo ƙananan kifaye daga teku, su saba musu da ruwan daɗi, sannan su yi kiwonsu a wani tabki da ake kira Buada. Fari yana addabarsu lokaci zuwa lokaci, shi ya sa ba su taɓa yin yawa ba. Baturen da ya fara ganin tsibirin wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Ingila, John Fearn, a shekarar 1798, kuma saboda kyan wurin ya raɗa masa suna da Turanci mai ma'anar "tsibiri mai daɗi".

Daga wajen shekarun 1830 jiragen Turawa masu farauta a teku suka riƙa yada zango a wurin. Waɗansu ma'aikatan jirgi da suka gudu, da fursunonin da suka tsere, suka zauna a cikin mutane, suka zama dillalai. Abu biyu suka shigo ta hannunsu: giya da bindiga. A shekarar 1878, a wurin wani bikin aure, gardama ta kaure, aka harba bindiga, harsashi ya sami wani matashi ɗan gidan sarauta ya mutu. Danginsa suka ɗauki fansa, waɗancan ma suka rama, haka aka yi ta yi har shekara goma. Mutanen da a da suka kai kimanin 1,400 suka koma wajen 900. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an yi mana dogon sharhi a kan abin da bindiga ke yi idan ta shiga tsakanin mutanen da suka san juna ba, don haka ba zan tsawaita a nan ba.

Ƙarshen yaƙin ya zo ne daga waje. A shekarar 1886, jim kaɗan bayan taron Balin da aka yi rabon Afirka, Ingila da Jamus suka shata layi a yammacin Fasifik, Nauru ta faɗa ɓangaren Jamus. A watan Oktoba na 1888 jirgin yaƙin Jamus ya iso, aka tsare shugabannin dangi, aka ce ba za a sake su ba sai an miƙa makamai. Bindigogi 765 aka tattara daga al'ummar da ba ta kai mutum dubu ba. A cikin shekarun da suka biyo baya 'yan mishan suka shigo, kuma har yau mafi yawan mutanen Nauru Kiristoci ne.

DUTSEN TOKARE ƘOFA

Yadda aka gano arzikin abin mamaki ne. A ofishin wani kamfanin Ingila da ke birnin Sidni na Ostiraliya akwai wani dutse da aka zo da shi daga Nauru, ana tokare ƙofa da shi, ana zaton icce ne da ya daɗe ya zama dutse. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Albert Ellis ya gwada shi, sai ya tarar fosfet ne mai daraja ƙwarai. A shekarar 1900 ya je da kansa ya tabbatar, a Nauru da kuma maƙwabciyarta Banaba, mai nisan kimanin kilomita 300. Aka fara haƙa a 1906, jirgin farko ya tashi da kaya a 1907, wato a daidai zamanin da Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko sarautar Katsina. Abin da ake biyan masu ƙasa a farkon al'amari shi ne rabin kwabo a kan kowane tan guda, kuɗin da kakanninmu ke kira ɗari.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sojojin Ostiraliya suka ƙwace tsibirin daga Jamus. A 1919 ƙasashe uku, Ingila da Ostiraliya da Niyu Zilan, suka zauna suka raba fosfet ɗin a tsakaninsu: kashi 42 cikin ɗari, da kashi 42, da kashi 16. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga Nauru wurin rabon ba. A takarda an ce riƙon amana aka ba su, da farko a ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, daga 1947 kuma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A aikace kuwa, hukumar da suka kafa tana sayar wa manomansu dutsen ne a kan kuɗin haƙowa kawai, ƙasa da farashin kasuwar duniya. Da wannan taki mai rahusa aka raya gonakin alkama da makiyayar tumaki na Ostiraliya da Niyu Zilan. Kafin Nauru ta sami 'yanci, an kwashe fiye da tan miliyan 30.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata tare da ni. Mu ma mun ga irin wannan ciniki. Kakanninmu sun yi ta kai auduga Funtuwa a kan farashin da Bature ya yanke, haka ma masu gyaɗa a Kano. An ƙware su, babu shakka. Sai dai auduga in an cire ta bana, baɗi za a sake shukawa, gona tana nan. Shi kuwa fosfet, kafin a kai gare shi sai an sare itatuwa, an kankare ƙasar noma ta sama, sannan a yashe abin da ke tsakanin duwatsun murjani. Abin da ke saura shi ne dajin duwatsu masu tsini, waɗansunsu sun kai tsawon mita 15, ba a noma a kai, ba a gini, ko tafiya a ƙafa ma da ƙyar. Kowane jirgi da ya tashi daga Nauru, wani yanki ne na ƙasar kanta ya tafi da shi.

Mutanen kuma sun sha wuya ta wasu fuskokin. Annobar mura, dangin wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar a 1920. Sai aka ce musu in ba su kai mutum 1,500 ba, al'ummarsu za ta iya ƙarewa. Suka zuba ido suna ƙirga haihuwa, har ranar 26 ga Oktoba 1932 aka haifi jaririyar da ta cike adadin. Har yanzu suna bikin wannan rana duk shekara, suna kiranta Angam. Ka yi tunanin al'ummar da babbar ranar murnarta ita ce ranar da ta tabbatar ba za ta shuɗe ba.

Bayan shekara goma sojojin Jafan suka mamaye tsibirin, a watan Agusta na 1942. Suka kwashe mutum 1,200 zuwa tsibiran Chuuk domin aikin ƙarfi. Kutare 39 da ke jinya kuwa, aka sa su a jirgin ruwa aka nutsar da shi a teku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗanda suka dawo daga Chuuk ranar 31 ga Janairu 1946 ba su kai 800 ba, jaririyar Angam ma tana cikin waɗanda suka rasu a can. Sai a 1949 al'ummar ta sake cika 1,500.

'YANCI DA KUƊI

A farkon shekarun 1960 Ostiraliya da kanta ta ga cewa tsibirin ya doshi lalacewa, sai ta yi tayin kwashe mutanen gaba ɗaya zuwa tsibirin Curtis da ke gaɓarta, bisa sharaɗin su zama 'yan Ostiraliya. A 1964 suka ƙi. Jagoransu, Hammer DeRoburt, malamin makaranta ne, kuma yana cikin waɗanda suka tsira daga Chuuk. Ya dage a kan abu biyu: mulkin kai da mallakar fosfet. A 1967 suka sayi kadarorin hukumar haƙar a kan dalar Ostiraliya miliyan 21, suka karɓi 'yanci ranar 31 ga Janairu 1968, ranar da ta dace da cikar shekara 22 da dawowar 'yan uwansu, sannan harkar haƙar ta koma hannunsu a 1970. A ganina wannan shi ne wuri mafi kyau a tarihinsu, domin mutane 'yan dubbai ne suka tsaya gaban manyan ƙasashe uku da hujja, ba tare da makami ba, har suka sami abin da suke nema.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda marubuta suka fi son bayarwa, sau da yawa cikin izgili. A tsakiyar shekarun 1970, in aka raba kuɗin shigar ƙasar a kan yawan mutanenta, Nauru tana sahun gaba a duniya, kafaɗa da kafaɗa da ƙasashen Larabawa masu mai. Babu haraji, asibiti kyauta, makaranta kyauta, wanda ciwonsa ya yi tsanani a kai shi Ostiraliya. Aikin haƙar kuwa mafi yawansa baƙi ne daga maƙwabtan tsibirai da Sin suke yi. Kamfanin jiragen saman ƙasar ya taɓa mallakar jiragen Boeing guda bakwai, waɗanda sau da yawa suke tashi kusan babu fasinja. Kamun kifi ya ja baya, abincin gwangwani da farar shinkafa da sukari suka maye gurbinsa. Wani bincike da aka yi a 1975 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da ciwon suga.

Adalci ne a faɗa cewa shugabannin sun san dutsen zai ƙare, sun kuma yi tanadi. Sun kafa asusun ajiya domin 'yan baya, aka sayi gidaje da otal-otal a ƙasashen waje, aka gina bene mai hawa 52 a birnin Malbon a 1977. A shekarar 1991 darajar asusun ta kai dalar Ostiraliya biliyan 1.3. Zuwa 2002 ta koma miliyan 138. Ina kuɗin suka tafi? Gwamnati ta riƙa cin bashi tana jingina kadarorin domin cike giɓin kasafinta. Mashawarta 'yan ƙasashen waje suka yi ta kawo shawarwarin zuba jari marasa kan gado, waɗansu ma damfara ce tsagwaronta. Ɗaya daga cikinsu ya shawo kan gwamnati ta zuba kuɗi a wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a Landan a 1993, wanda aka rufe bayan mako biyar da asarar miliyoyi. Tsakanin 1989 da 2003 gwamnati ta canza sau 17, don haka babu wanda ya daɗe a kujera har a tambaye shi lissafi.

Ni dai a nawa nazarin, almubazzarancin ba shi ne babban kuskuren ba. Babban kuskuren shi ne lissafi. Bayan 'yanci ba a rage haƙa ba, ƙaruwa ma ta yi, kuma kuɗin da ke shigowa ana ƙirga su ne a matsayin riba. Alhali mutumin da ke sayar da ɗakunan gidan gadonsu ɗaya bayan ɗaya, ko da ya iya tattali, ba riba yake ci ba, gidan yake ci. Kimanin sulusin wurin haƙar ne aka lalata a zamanin Turawa, sauran a hannun 'yan ƙasa ya tafi. A yau kusan kashi 80 cikin ɗari na tsibirin kango ne. A 1989 Nauru ta kai ƙarar Ostiraliya gaban Kotun Duniya a kan ɓarnar da aka yi kafin 'yanci, aka yi sulhu a 1993 a kan dalar Ostiraliya miliyan 107. Amma gyaran da aka yi wa ƙasar bai taka kara ya karya ba.

BAYAN DUTSE YA ƘARE

Da fosfet ya ja baya, sai ƙasar ta koma sayar da abin da ya rage mata, wato sunanta na ƙasa mai 'yanci. A shekarun 1990 ta ba da lasisi ga bankuna kimanin 400 waɗanda ba su da ofis ko ma'aikaci a tsibirin, sai akwatin gidan waya. Babban bankin Rasha ya ce a 1998 kaɗai kimanin dalar Amurka biliyan 70 suka bi ta waɗannan bankuna. A shekarar 2000 aka sa Nauru a jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai wajen yaƙi da halasta kuɗin haram, sai a 2005 aka cire ta. Kada mu yi saurin dariya, domin Nijeriya ma ta zauna a wannan jeri daga 2001 zuwa 2006. Ta fuskar diflomasiyya kuma, Nauru ta bar Taiwan ta koma Sin a 2002, ta dawo wa Taiwan a 2005, ta sake komawa Sin a Janairun 2024. A 2004 masu bin bashi suka karɓe kadarorinta na Ostiraliya, har da benen Malbon, a ƙarshen 2005 kuma aka ƙwace jirgin sama ɗaya tilo da ya rage mata.

Akwai wani babi da ya shafi 'yan uwanmu Musulmi kai tsaye. A watan Agusta na 2001 wani jirgin dakon kaya na ƙasar Norwe mai suna Tampa ya ceto mutum 433 daga wani kwale-kwale da ke shirin nutsewa, mafi yawansu 'yan Afganistan masu neman mafaka. Ostiraliya ta ƙi yarda su taka ƙasarta, ta nemi inda za ta ajiye su, Nauru da ke cikin matsin tattalin arziki ta karɓa a kan za a biya ta. Aka kafa sansani a kan wannan kangon na tsakiyar tsibiri, inda zafi ya fi tsanani. An rufe shi a 2008, aka sake buɗewa a 2012. A 2014 waɗanda ke tsare sun haura 1,200, daga Iran da Afganistan da Iraƙi da Somaliya da Pakistan da Siri Lanka, da kuma 'yan Rohingya. Waɗansu sun shekara biyar ko fiye ba su san makomarsu ba, likitoci suka yi ta ba da rahoton yara da suka daina ci da magana saboda yanke ƙauna. Sai a Fabrairun 2019 aka fitar da yaran ƙarshe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jikokin mutanen da aka kwashe zuwa Chuuk su ne talauci ya mayar masu gadin waɗansu da aka kwaso.

To, me ya kawo wannan labari kusa da gida? Ƙanƙara tana da farar ƙasa da ake haƙa ana lodawa zuwa masana'antu. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da Birnin Gwari, wuraren da haƙar zinari ta yi ƙarfi. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa dukkan ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, kuma ɗaliban fiƙihu za su tuna cewa mashahurin zance a mazhabar Malikiyya ma ya mayar da al'amarin ma'adinai ga shugaba ne, domin ya duba maslahar jama'a. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, ta kuma ɗora masa nauyin gyara ƙasar da ya haƙa. Ina so matashin da ake haƙa a garinsu ya tambayi mai unguwa ko dagaci: an rubuta wannan yarjejeniya? Wa ya sa hannu? Wa zai cike ramin? Mutanen Nauru sai bayan shekara tamanin da fara haƙa suka iya kai irin wannan tambaya gaban kotu.

Ita kuwa Nauru, haƙar ba ta rabu da ita ba. Tun wajen 2006 ake ƙwaƙulo ragowar fosfet da ke ƙarƙashin duwatsun. A 2021 ta shige gaba wajen matsa wa hukumar duniya mai kula da ƙarƙashin teku lamba, domin a ba wani kamfani da take ɗaure wa gindi damar kwaso ma'adinai daga ƙasan Tekun Fasifik. A lokaci guda kuma ruwan teku yana ƙaruwa, yana cin siririyar gaɓar da kusan dukkan mutanen ƙasar suke zaune a kai. Tudun da za su koma shi ne wancan tsakiyar tsibirin da aka yashe, kuma ba zai zaunu ba sai an farfasa duwatsun an baje su, an nemo ƙasa an shimfiɗa. Domin tara kuɗin wannan aiki, a ƙarshen 2024 gwamnati ta sanar da shirin sayar da takardar zama ɗan ƙasa a kan dalar Amurka 105,000. Zuwa watan Agusta na 2025, buƙatu shida aka amince da su.